Rasuwar Hajiya Bajamushiya, Kwamfutar Gidan Malam Awudu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da falo mai cike da ƙaurin roba har yanzu, Malam Nuruddin, babban ɗan marigayi Malam Awudu mai tafsiri na unguwar Dichemso a Kumasi, yake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da tsofaffin ɗaliban gidan, har da waɗanda ba su leƙo dubiya ba amma za su riga kowa zuwa cin masar sadaka, rasuwar kwamfutarsa abar ƙaunarsa, Hajiya Bajamushiya. Ta cika ranar Alhamis bayan la'asar, a saman durowar falo, cikin rigarta ta karan-miski, bayan doguwar jinyar zazzaɓi. Ba a bar ta ita kaɗai ba ko sau ɗaya a duk tsawon jinyar, kuma da an bar ta ɗin da wataƙila tana nan.

Marigayiya ba ta taɓa zuwa Makka ba, hajiyancin nata na girmamawa ne. An haife ta a Jamus a shekarar da ba wanda ya sani, ta yi ƙuruciyarta a wani ofis mai sanyi, har Turawa suka ga ta tsufa suka sallame ta ba ko godiya. Ta sauka tashar jiragen ruwa ta Tema cikin kwantena tare da tsofaffin firji da katifu da tayoyi, ta iso Kumasi a matsayin abin da 'yan kasuwa ke kira hom-yus, wato kayan da wani ya gama morarsu. Daga wani shago a kasuwar Adum Malam Nuruddin ya ɗauko ta. A kan cinyarsa ya riƙe ta cikin tasi har gida, yana yi wa direba tsawa duk ramin da ya faɗa.

Ba don wasa aka kawo ta gidan ba. Malam Awudu ya bar duniya, ya bar kaset-kaset na tafsirinsa na azumi da yawa, wanda ya yi shekara da shekaru yana gabatarwa a ƙaramin masallacin unguwa. Shi dai a cikin kwalin sabulu yake zuba su a ƙarƙashin gado, duk wanda ya roƙa ya ba shi aro. Bayan rasuwarsa laimar Kumasi ta fara cin su, zare yana manne wa zare, murya tana ja kamar mai jin barci. A nan ne Malam Nuruddin ya yi aikin kirki guda da ba mai iya ƙwace masa: ya zauna ya juye su ɗaya bayan ɗaya cikin marigayiya. Da ya gama, ya tattara kaset-kaset ɗin da suka riga suka yi fumfuna ya ƙone su cikin mutunci, don kada karatu ya wulaƙanta a juji. Tun daga ranar Malam Awudu ba shi da sauran murya a duniya sai wadda ke cikin cikin Hajiya.

Wadda ta fi kowa morar wannan murya ita ce Mma Mamuna, matar marigayi Malam, mahaifiyar mai wannan sanarwa. A zamanin mijinta ba ta taɓa zama ta ji tafsirinsa ba, domin lokacin da yake karatu ita tana madafa cikin hayaƙi, tana haɗa abin buɗe-baki na masu saurare. Sai da ya mutu, idonta kuma ya tafi, sannan ta sami zama. Kullum da safe in ta sha koko da ƙosai, a riƙo hannunta a kawo ta falo, ta zauna kan tabarmarta ta gyara mayafi. Malam Nuruddin ya hau kujera ya danna maɓalli. Hajiya ta ce "ɗit", fankarta ta ce "fuuu", sai a ji gyaran murya: "Ehem. To, jama'a, ina muka tsaya jiya?"

"Kai ka sani, Malam," in ji tsohuwa. "Ni ina madafa."

Ba ruɗewa ta yi ba, ta fi kowa sanin inda aka binne shi. Amma in ya yi tari a cikin karatu sai ta yi masa faɗan shan ruwan sanyi, in ya ba da dariya ta riga mutanen masallacin darawa. Akwai kuma addu'ar rufe tafsiri ta azuminsa na ƙarshe, inda bayan ya yi wa malamansa da iyayensa addu'a ya ambaci sunanta a gaban jama'a, ya roƙa mata abin da bai taɓa faɗa mata ido da ido ba. Saboda wannan muryar take tashi daga gado. Kowa a gidan ya san haka, har da Malam Nuruddin.

Gaskiyar da ta wajaba a faɗa a kan gawa ita ce Malam Nuruddin bai gaji muryar mahaifinsa ba, bai kuma gaji karatunsa ba. Yana saurayi ya taɓa jan baƙi a gaban ɗalibai, Malam ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce masa a hankali, "Nuru, kai ka riƙe makullin makaranta, ya fi." Ƙaninsa Malam Sa'id shi ya ɗauko wani abu na maƙogwaron tsohon, shi ke koyarwa yanzu. Sau da yawa Malam Sa'id ya zo ya durƙusa ya ce, "Yaya, a ba mu kwafi mu sa wa mutane a waya, kowa ya amfana." Amsar ɗaya ce: waya tana shiga makewayi, waya tana kwana a aljihun baya ana zama a kanta, ba za a kai karatun Malam irin wuraren nan ba. Hujja ce mai kyau, Malam Nuruddin ma ya kusa yarda da ita da kansa. Abin da ba ya faɗa shi ne, muddin muryar tana falonsa kaɗai, dole dattawan da ba sa ko kallonsa a hanya su tuɓe takalmi a ƙofarsa, su gaishe shi kafin su zauna. A duniyar nan abin da yake da shi ke nan, makulli da maɓalli.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta jure dumso, a ɗauke wuta tana tsakiyar magana, a dawo da ita da ƙarfin da ke kashe firji, ita kuwa ta tashi ba ƙorafi. Ba ta da yawon gulma, don ba a taɓa jona ta da intanet ba. Ba ta taɓa nuna fim ba, ba ta san kiɗa ba. Nauyin tashi take da shi da safe, amma wannan halin tsofaffi ne, kuma masu yi mata gorin ba su fi ta saurin tashi sallar asuba ba.

Ciwonta ya samo asali ne daga ladabi. Malam Nuruddin ya yi tunani ya ga abin da ke ɗauke da karatu ba ya zama a ƙasa inda ƙafafu ke wucewa, ba ya kuma zama a kan teburin da ake cin tuwo. Sai ya ɗora ta a wuri mafi tsawo a falon, saman durowa, taƙi ɗaya tsakaninta da kwanon rufi, inda zafin rana ke taruwa ya yi zamansa har magariba. Ya je Anloga, unguwar kafintoci, wajen Talle kafinta ya sa aka yi mata akwati na katakon odum, da ƙofar gilashi, ya kuma ja kunnensa cewa kada ya bar ko hudar allura, saboda kyankyasai. Talle gwani ne, bai bar ba. Uwargidansa Habibatu ta ga ai bai kamata a bar baiwar Allah tsirara ba ko a cikin akwati, ta ɗinka mata riga ta koren karan-miski mai geza, ta rufe ta ciki da bai, har da 'yan tagogin da Turawa suka huda mata don shan iska. Duk ranar Alhamis kuma a zuba turaren wuta a kasko, a buɗe ƙofar gilashin, a kara mata ta sha ƙamshi. Fankarta mai biyayya ce, abin da aka ba ta shi take zuƙa. Shekara bisa shekara danƙon turare yana haɗuwa da ƙura a cikin ƙirjinta, har ya zama wani abu mai kauri kamar tsohon bargo. Ba wani littafi da ya ce a yi haka. Mai karatun kansa a kwalin sabulu ya ajiye shi.

Da fari murya ce ta sauya. "Fuuu" ɗin nan mai laushi ya koma "gurrr", daga baya ya koma "kyar-kyar-kyar". Sai ta fara suma. Malam Awudu yana tsakiyar bayani, jama'a sun yi tsit, sai ɗif. Mma Mamuna ta ɗaga kai ta ce, "Wa ya ɓata wa Malam rai?" In aka taɓa gefen akwatin sai a janye hannu kamar an taɓa murfin tukunya. A bar ta ta huce, a sake tashinta, ta yi ɗan karatu ta sake faɗuwa, kowane mako tana rage tsawon abin da take iyawa.

A cikin wannan hali ne Hidaya, 'yar Malam Sa'id, wadda ke karatun kwamfuta a Sunyani, ta zo hutu ta shigo gaishe da kakarta. Ta roƙi izini ta hau kujera, ta danna wani maɓalli tun Hajiya ba ta gama farkawa ba, wani shuɗin shafi ya fito mai nuna zafin jikin mara lafiya. Ta ce furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin duk tunanin, ta kusa kai zafin tafasar ruwa. Ta ce maganin ba shi da wuya. A cire rigar, a fito da ita daga akwati, a sauko da ita inda iska ke wucewa. A buɗe ta a share fankar da ƙarfen nan mai haƙora da ke zuƙe zafi. Akwai kuma wani ɗan farin mai da ake shafawa tsakanin ƙarfen da furosesa, ya bushe tun a Jamus, a goge shi a sa sabo. A daina turare. Da nan ta tsaya da wataƙila an ji. Sai ta ƙara da cewa, "Amma Baba Nuru, kafin komai, ku bari in kwafe karatun in ajiye wani wuri. Yau-yau ɗin nan, don Allah."

Malam Nuruddin ya ji muryar ƙaninsa tana fitowa daga bakin yarinya. Ashe aiko ta aka yi. A tuɓe Hajiya, a saukar da karatu ƙasa, a hana shi ƙamshi, sannan a kwashe shi a kai wa masu waya. Ya yi mata godiya da sanyin murya, ya ce ta gaida babanta, ya kuma shaida wa Habibatu cewa daga yau Hidaya ta riƙa gaishe da kakarta a ɗaki.

Daga nan ya karɓi jinyar da hannunsa. Ya sayo fankar tsaye ya saita ta tana hura gilashin da ke rufe, gilashin ya yi sanyi sosai. Ya riƙa jera ledojin piya wata masu ƙanƙara a kan rigar karan-miski, ruwa yana tsattsafowa ciki. Ya rage ƙarar sifika don kada ta wahalar da maƙogwaro. Da ƙaurin roba ya fara ba shi kunya a gaban baƙi, sai ya sa aka mai da turaren sau biyu a mako. Mutum ne mai tausayi, duk abin da ya yi mata da hawaye a idonsa ya yi shi.

Da abin ya ƙi, aka yanke shawarar tiyata. Masu gyaran kwamfuta sun cika Adum, amma kai ta can yana nufin a ajiye ta a ƙasan shago cikin tarkace, hannun da ba a san ko da alwala ko babu ba ya shiga cikinta. Saboda haka aka kira Sulley, makanike a Magazin, unguwar masu gyaran mota, wanda ba a taɓa rasa shi a sahun farko ba. A kan wannan cancanta aka ɗauke shi. Ya sabunta alwala, ya yi bisimilla, ya kwance ta a kan darduma. Ya ciro bargon nan na danƙo da yatsu biyu, aka yi ta salati. "Malam, wannan oba-hit ne, zafi kawai, ba komai kraa," in ji shi. "Mota ma haka yake yi." Ya finciko ƙarfen mai haƙora, ya kankare busasshen man da bakin sukundireba, ya buɗe gwangwanin giris ɗin da yake sa wa ƙafar tirela ya lafta mata da yalwa. Ya ɗiga wa fankar baƙin mai. Wajen mayarwa ya karya biyu daga cikin 'yan ƙafafun robar da ke danne ƙarfen a kan furosesa, amma bai damu ba, ya yanko tsohon tiyub ya ɗaure tamau. "Yanzu zai yi gudu paa," ya ce. Aka sa mata rigarta, aka mayar da ita akwati, aka rufe gilashi, aka yi mata turaren barka da arziki.

Ranar Alhamis Malam Nuruddin ya gayyaci tsofaffin ɗalibai su zo su ga ikon Allah. Bai gayyaci ƙaninsa ba. Rana ta dafa kwanon rufi tun hantsi, falo ya cika da manyan riguna da numfashi. Don a san lafiya ta samu, ya zaɓi karatu mafi tsawo, na rufe tafsirin azumin ƙarshe. Aka zaunar da Mma Mamuna a gaba. Hajiya ta ce "ɗit", ta yi ta karatu kamar ba ita ba, dattawa suna kaɗa kai, mai gida yana karɓar yabo da runtse ido. A can ciki kuwa tiyub yana laushi, ƙarfe yana zamewa a kan giris. Aka zo addu'a. Malam Awudu ya yi wa malamansa, ya yi wa iyayensa, muryarsa ta yi ƙasa yadda take yi duk sanda aka zo wurin: "Ya Allah, ita kuma Mamuna..."

"Kyar," in ji Hajiya. "Kyar."

Wani siririn hayaƙi ya biyo gefen gilashin, kuma ba na turare ba ne. Tsohuwa ta bar tafukanta a buɗe tana jiran sauran, har dattawa suka fara neman takalmansu.

Sulley ya zo ya danna, ya jijjiga, ya kara kunne, ya tabbatar da rasuwa. Malam Nuruddin ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar da aka binne mahaifinsa. A saninsa rai ɗaya ne da ita, in ya fita to komai ya tafi. Cikin kukan wani tunani ya tsaya masa: gawar ƙarfe wurin masu sayen kwandam, wato tsofaffin ƙarafa, take ƙarewa, su kuwa fasawa suke yi su ƙona a juji. Ya tambayi Sulley a ina karatun yake zaune. Sulley ya nuna wani ɗan akwatin ƙarfe mai faɗin tafin hannu, rumbun ajiya, kuma a duk hidimar nan wannan ce magana ɗaya da ya faɗa daidai. Malam Nuruddin ya ce to a yi masa yadda ake yi wa allo in an gama da rubutu. Aka kwance ƙusoshin, aka sami faifai mai ƙyalli, har ya hango fuskarsa a ciki. Ya wanke shi da soso da ruwa mai tsabta, gaba da baya, a natse, ya zuba ruwan a gindin katanga inda ƙafa ba ta takawa. Ya naɗe faifan a farin ƙyalle. Washegari Juma'a da safe magina suna zuba kankaren ginshiƙin da zai ɗauki benen makaranta, ya sa shi a ramin da hannunsa, aka zuba a kai. Waɗanda suka gani sun yaba da wannan ladabi, shi ma ya ji sanyi a ransa. Gaggauta binnewa abu ne mai kyau, musamman kafin labari ya kai ga ƙani.

Labari ya kai bayan sallar Juma'a. Ranar Asabar Hidaya ta sauka daga motar Sunyani, ko gidansu ba ta biya ba, ta shigo da mahaifinta a bayanta da wata 'yar igiyar waya a hannunta. Ta durƙusa ta yi gaisuwa da sauri. "Baba Nuru, ku kwantar da hankalinku," ta ce. "Furosesa ce ta ƙone, ba ruwan rumbu. Ku ba ni shi in jona da tawa kwamfutar, kafin azahar Mma ta ji Malam."

Malam Nuruddin ya sa ta maimaita. Ta maimaita, har da murmushi. Ya tashi ya sa takalmi, suka bi shi har filin makaranta, ya tsaya gaban ginshiƙin, ya faɗi abin da ya yi tun daga soso. Hidaya ta mayar da igiyarta jaka. Malam Sa'id ya nemi bulo ya zauna, ya rufe fuska da hularsa, kuma da ya zagi yayansa da ya fi sauƙi. Saboda haka ana sanar da jama'a, don gyaran tarihi, cewa a duk jikin marigayiya gaɓa ɗaya ce ta rage da rai, ita ce aka yi wa wanka aka binne. Matattun gaɓoɓin suna nan a falo an lulluɓe su da kyau.

Marigayiya ta rasu ta bar monita ɗaya, wadda tun ranar take kallon bango da baƙar fuska. Ta bar kibod da haruffansa suka goge ban da waɗanda ba a taɓa sanin amfaninsu ba, da tagwayen sifika marayu waɗanda in an jona su sai su yi ta "zzzz" kamar masu neman uwa. Ta bar rigar karan-miski da Habibatu ke cewa ba ta ga laifin ɗinkinta ba, da akwatin odum da Talle ya ce in an yarda ya huda shi zai yi kyau da ajiye kwanuka. Ta bar Sulley cikin ƙoshin lafiya, yana ci gaba da karɓar aiki. Ta bar makaranta da ginshiƙi mafi ilimi a duk Dichemso. Ta kuma bar Mma Mamuna, wadda aka ce wa dumso ne, alhali fanka tana juyawa a kanta, talabijin ɗin maƙwabta kuma yana ta ihu.

Za a fitar da abin da ya rage na gawar ranar Laraba da hantsi, in mai tura kurar kwandam ya biyo layin. An roƙe shi ya ɗora ta a sama, kada ya danne ta da tsohon murhu, ya kuma yi nisa da gidan kafin ya fara fasawa. Za a kafa rumfa a ƙofar gida da kujerun roba, masu motoci su yi haƙuri su zagaya ta bayan masallaci. Akwai masa da koko da goro. Masu niyyar kawo turare su bar shi a gida. Masu zuwa da shawarar abin da ya kamata a ce an yi su sani cewa an riga an ba da ita kyauta tun mara lafiya tana numfashi. Wanda kuma yake da wani tsohon kaset na Malam Awudu da ya ara bai mayar ba, ko rabi ne, ko mai ja ne, an yafe masa, ya kawo don girman Allah. An riga an bi gida-gida ba a samu ba, amma ana sake roƙo.

Roƙo na ƙarshe shi ne kada wani ya ce, don girmamawa, babban ɗa ya buɗe taro da karatu. Ga dalili. Ranar Lahadi da safe Mma Mamuna ta ƙi shan koko, ta ce a kai ta falo tukuna. Malam Nuruddin ya daɗe yana jin karatun nan kullum, ya haddace shi har da wuraren tari. Ya tuna idonta ba ya gani. Ya shige bayan labulen da ke gefen durowa, ya yi wa Habibatu alama ta hau kujera ta ƙwanƙwasa gilashin kamar ta danna wani abu. Ya gyara murya irin ta mahaifinsa: "Ehem. To, jama'a, ina muka tsaya jiya?"

Ba a amsa masa ba. Ya daure ya tsallaka kai tsaye zuwa addu'ar, ya yi wa malamai, ya yi wa iyaye, ya sassauta murya ya ce, "Ya Allah, ita kuma Mamuna," ya ƙarasa mata duk abin da hayaƙi ya katse, kalma ba ta ɓace ba, hawaye yana bin gemunsa. A ransa bai taɓa yin karatu mai kyau kamar wannan ba. Tsohuwa ta saurara har ƙarshe, hannuwanta a kan cinya, ba ta ɗaga su ba. Sannan ta juya fuskarta, ba wajen durowa ba, wajen labule.

"Nuru, kashe ta haka nan," ta ce. "In ta koma karatu irin naka, ba ta da sauran amfani."

Ta miƙa wa Habibatu hannu aka mayar da ita ɗaki, kuma tun ranar ba ta sake cewa a kawo ta falo ba. Mata masu ta'aziyya su same ta a can, su shiga a hankali, tana kwance fuskarta na kallon bango. Za a fara addu'a da zarar kura ta sha kwana. Malam Sa'id ne zai ja karatu, Malam Nuruddin zai buɗe makaranta a ɗebo tabarmi.